Yawon kotuna da neman ɓoyayyar kwalba a Tekzas

Ni dai da mutumina ya ce in shirya ranar Asabar za mu je ganin kotuna, sai da na tambaye shi lafiya? Wa ya kai mu ƙara? Mu a gida ai ba a zuwa kotu yawon buɗe ido, ko wucewa za ka yi ta gabanta sai ka ɗan ƙara sauri. Ya yi dariya ya ce kai dai ka taho da ruwa da hula.

Muka bar Dalas bayan asuba muka miƙe kudu. A hanya yake mun bayani cewa jihar Tekzas ta Amurka tana da kawunti 254, kusan kaman ƙananan hukumominmu ne, kowacce da babban garinta kuma a tsakiyar garin akwai ginin kotu, shi burinsa ya ɗau hoto a gaban dukansu, ya riga ya yi 60 da wani abu. Na ce to Kano da take da 44 ma ban zagaye su ba ballantana wannan. Kuma ba shari'a kaɗai ake yi a ciki ba, nan ake rajistar fili, nan ake karɓar takardar aure, wato kotu da sakateriya ne a haɗe.

Farkon tsayawarmu Waksahaci, wajen mil 30 daga Dalas. Gaskiya na yi shiru da na ga ginin nan. An gama shi a 1897, jan dutse ne da ruwan hoda, ga doguwar hasumiya da agogo a tsakiya, kai ka ce fadar wani sarki ce ba wajen da ake zuwa biyan tara ba. Wanda ya zana shi James Riely Gordon ne. Abun da ya fi ɗaukar hankalina fuskokin da aka sassaƙa a saman ginshiƙai, wasu kyawawa wasu kuma kaman aljanu. Labarin da mutanen garin suke bayarwa wai mai sassaƙar ne ya kamu da son wata yarinya, da farko yana sassaƙa fuskarta tsaf, da ta ƙi shi sai ya dinga munana ta. Ni ban yarda ba amma labarin ya yi daɗi, kuma na san maza da za su iya.

Ina cikin kallon sama sai na ga mutumina ya sunkuya yana shafa ƙarƙashin wani benci a gefen titi. Na ce Malam me ka yar? Ashe ainihin abun da ya fito da shi kenan, jiyokashin. Wasa ne, wani ya ɓoye ɗan gwangwani ko kwalba a wani waje ya sa lambobin wajen a intanet, kai kuma ka bi da wayarka har ka gano, ciki akwai takarda ka rubuta sunanka da kwanan wata ka mayar yanda ka same shi. Shi kenan fa, babu ko sisi. A watan Mayu na 2000 aka fara, bayan gwamnatin Amurka ta daina dagula wa farar hula siginar GPS, wato tsarin da yake nuna maka daidai inda kake, wani mutum a jihar Oregon ya binne bokiti ya ce a nemo. Wanda muka samu bai kai ɗan yatsa ba, da maganaɗisu a jikinsa, takardar ciki an naɗe ta kaman laya sai da muka sa tsinke muka zaro.

Na ce wannan ai aikin banza ne. Kafin azahar ni ne nake cewa ya ba ni wayar.

Daga nan sai Hilsboro. Kotunsu ta farin dutse ce, ta 1890, gobara ta cinye ta ranar 1 ga Janairu 1993 bango kawai ya rage, mutanen garin suka dage sai an maido ta yanda take, har mawaƙi Willie Nelson wanda ɗan yankin ne ya zo ya yi wasa aka tara kuɗi. Ba don an gaya mun ba ba zan taɓa cewa ta ƙone ba. Mun ɗau hoto muka wuce, rana ta fara dukan tsakiyar kai.

A garin West muka tsaya cin kolaci, wani burodi ne na mutanen ƙasar Cek ta Turai da suka zauna a wajen, na ɗauki mai 'ya'yan itace don masu naman akwai alade. Muka haɗa azahar da la'asar a kan ciyawa kusa da mota.

Abun da ba zan manta ba a wani ƙaramin gari ya faru da yamma. Waya ta nuna saura taku kaɗan, na durƙusa bayan wata bishiya ina tona ganye, ni baƙi ga gemu ga jaka a baya kuma ginin gwamnati na kallona, wallahi sai a lokacin na ga yanda hoton yake. Ban gama tunanin ba motar ɗan sanda ta tsaya. Gabana ya faɗi, na miƙe a hankali hannuwana a fili, Turancin ma ya gudu. Ya tambayi me muke nema, mutumina ya nuna masa wayar. Ya duba, ya kalle ni, ya ce ba nan ba ne, duba can jikin shinge, 'yarsa ta samo shi tun bara. Ya ja mota ya tafi.

Ashe duk wannan lokacin a kan gidan jan tururuwan nan masu cizo na tsaya, tsoro ya hana ni ji. Na cire takalmi ina kakkaɓewa ina tsalle mutumina yana dariya har da riƙe ciki. Kwalbar tana jikin shingen kuwa, takardar ta jiƙe da kyar biro ya kama, na rubuta sunana a ƙasan na wata da ta zo kwana 9 kafin mu.

Garin Wako da yake gaba bamu kai ba, kotunta sai wani jiƙon. Ƙafata ta yi kwana 4 tana ƙaiƙayi.