Sabon furshi a gangaren Adar

Cikin garin Tawa babu gangaren da zai gwada keke, rairayi ne kawai ke shanye wa mutum ƙarfi. Sai ka yi gabas, hanyar Tamaske zuwa Keita, sannan ƙasa ke tashi: tudu mai shimfiɗaɗɗen kai, marmara a bisa, gefensa ya karye ya zuba cikin kwari da tsakuwa da duwatsu masu kaifi. Tun 1984 da aka fara aikin raya ƙasa na Keita, da kuɗin Italiya da hannun FAO, hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, an jera duwatsu an haƙa ramukan tare ruwa a jikin tuddan nan, kuma mata ne suka ɗauki mafi yawan aikin. Hanyoyin ƙafa da na jakuna suna kurɗawa tsakaninsu. Nan nake kai kekena lokacin ɗari, da sassafe kafin rana ta yi zafi.

Keken gwanjo ne na Turai, taya inci 26, bayansa a sandare, gabansa da furshi mai lotsawa, wato ƙafafu biyun nan da ke riƙe tayar gaba. Wanda ya zo da shi murɗaɗɗen ƙarfe ne kaɗai a ciki, yana lotsawa milimita 80, ba shi da man da zai riƙe dawowarsa. Yadda ya shige da sauri haka yake harbowa. Idan dutse ɗaya ne babu laifi. Idan suka jeru biyar a gangare, taya ta fi daɗewa a iska bisa ga ƙasa, ka kama birki babu abin da ya kama, kafin ka kai kwari yatsu sun mutu.

Ƙanena da ke Yamai shi na sa neman wani furshin. Hoton farko da ya turo ta WhatsApp wani ƙato ne mai lotsawa milimita 160. "Yaya, ga shi, kamar na babur," in ji shi. Na ce masa ya bar wa mai shi kayansa, don abubuwa uku sun riga sun hana. Bututun da ke shiga wuyan kekena miƙaƙƙe ne, faɗinsa milimita 28.6 sama da ƙasa, shi kuwa wancan irin na zamani ne mai buɗewa daga ƙasa zuwa inci ɗaya da rabi, ko da guduma ba zai shiga ba. Cibiyar tayata ta tsohon yayi ce, mai siririyar sandar da ake ɗaurewa da hannu, milimita 9 a faɗin 100, wancan yana son sanda mai kauri 15 a faɗin 110, ke nan sai an sake taya ɗungum. Na ukun ya fi su nauyi. Duk milimita 20 da aka ƙara wa tsawon furshi yana kwantar da kusurwar wuya da wajen digiri ɗaya. Kaɗan daga wannan alheri ne a gangare, keke yana ƙara natsuwa. Amma ninka 80 zuwa 160 zai ɗaga gaba, ya sa hawa ya zama azaba, ya kuma riƙa banƙarar walda ta wuya da ƙarfin da ba a ƙera ta dominsa ba. Wuya in ya tsage a gangaren Keita, asibiti ba kusa ba.

Abin da muka tsaya a kai RockShox Recon ne na hannu, na taya 26, mai iska, yana lotsawa milimita 100, kaurin sandunansa 32. Kafin ya biya na sa shi ya auna bututun da ma'auni ya turo hoto, domin furshin gwanjo an riga an yanke shi daidai keken wani, in ya gajarta babu ƙari. Na kuma sa ya bi sandunan da farce ko akwai ƙarzuwa, ya nemo ƙaramin famfon da ake ba irinsa iska, wanda ke kai psi 300 a ma'aunin matsin iska. Famfon taya ba ya wannan aiki. Kuɗin duka ya kusa na keken kansa, abin da ban faɗa a gida ba sai da aka tambaya.

Wurin wani dattijo mai gyaran keke na kai shi, don yana da zarto da magagari da haƙuri. Ya juya furshin ya nemi murɗaɗɗen ƙarfe bai gani ba. "Ɗana, wanga iska za ka hau ka sauka dutsi?" Na ce, "Baba, ai taya ma iska ce." Ya yi dariya ya ɗauko kayan aiki. Mun cire zoben da boris ke zama a kai daga tsohon, muka shafa giris, ya kafa shi a sabon da guntun bututun roba yana bugawa sannu har ya zauna. Muka harhaɗa komai ba tare da an yanka ba, muka yi alama, sannan aka yanke bututun yadda zai tsaya kamar milimita 3 ƙasa da bakin abin da ke riƙe ƙaho. Na bar zobba biyu a ƙarƙashi don ƙaho ya ɗan tashi. Notin sama ake fara ɗaurewa, a hankali, har girgizar wuya ta ɓace amma kan keke yana juyawa sakayau, sannan a ɗaure na gefe. Birkin faifai na milimita 160 ya hau wurinsa ba gardama.

Ɗaurawa ba ta ci safiya ɗaya ba. Saiti ne ya ci lokaci, kuma a nan amfanin kuɗin yake.

Ana ba furshin iska ta saman ƙafar hagu, akwai jadawalin nauyi manne a jikinsa, amma jadawalin mafari ne kawai. Na hau na miƙe tsaye kan feda yadda nake yi a gangare, wani yaro ya riƙe mini ƙaho, na sauka a hankali na auna inda zoben robar da ke jikin sandar furshi ya tsaya. Abin nema shi ne nauyina kaɗai ya cinye wajen kashi 20 cikin ɗari, wato milimita 20. Mutane suna son cika iska har ya sandare, wai kada ya ƙure. Wanda ya yi haka ya hana taya faɗawa cikin rami ta bi ƙasa, ya biya kuɗin milimita 100 yana amfani da rabi.

Sai maɓallin nan ja da ke ƙarƙashin ƙafar dama, mai hoton zomo a gefe ɗaya da kunkuru a ɗayan. Shi ke matse hanyar da mai ke bi idan furshi zai dawo. Ka kai shi wajen zomo sosai, ka koma halin tsohon, yana harbi. Ka kai shi wajen kunkuru, bai gama dawowa daga dutsen farko ba na biyu ya same shi, ya yi ta nitsewa har ya zama gungume a tsakiyar gangare. Na zaɓi guntun gangare ɗaya da na sani sarai, ina sauka ina murɗa shi ɗaiɗai, har na sami inda taya ke dawowa da wuri ba tare da ta bar ƙasa ba. A ganina, da za a ɗauke ƙarin milimita 20 ɗin a bar mini wannan maɓalli, da ban yi asara mai yawa ba. Shi ya sa birkin gaba ya fara aiki a tsakuwa, shi ya sa nake kallon nesa maimakon dutsen da ke gaban taya.

Furshin bai mayar da keken na gasar gangara ba, waɗannan suna da milimita 200 gaba da baya. Gaba na haɗiye dutse, baya kuma ya doke ni da shi, kuma da yake gudu ya ƙaru, tayar baya ce ke shan matsa yanzu. Hanyar ma ba tawa ba ce ni kaɗai. Bayan kowace kwana ana iya cin karo da jaki da lodin kara ko makiyayi da awakinsa.

Babban abokin gabar wannan furshi a ƙasarmu ƙura ce. Kamfanin ya ce a buɗe ƙafafun a sake mai bayan awa 50 na hawa, ni a hunturu ba na jiran hakan. Duk dawowa ina goge sandunan da tsumma mai laushi, ba na barin masu wankin mota su harba masa ruwa, ba na zuba man inji a bakin robar. In za a ɗora keken a saman mota ina naɗe sandunan da tsohon rawani, don ƙarzuwa ɗaya ta isa ta riƙa yanka roba tana zubar da mai. Robobin share ƙura da sosonsu da man da ya dace ban same su a kasuwar Tawa ba, don haka na sa ƙanena ya haɗo mini saiti biyu kafin iskar bana ta taso.