Yini guda a gidan Kenwood

Ruwa ya kwana yana zuba, amma da safiyar Asabar na hau bas mai lamba 210 daga Archway zuwa Kenwood, can gefen arewa na filin Hampstead Heath a Landan. Kuskurena na farko takalmi ne. Na sa sau-ciki mai santsi kamar mai zuwa ɗaurin aure, sannan na ce sai na yanke ta cikin ciyawa in gangara bakin tafki. Ban yi taku ashirin ba laka ta kama ni har idon sawu. Wata tsohuwa mai jan kare ta dubi takalmin, ta dube ni, ta wuce. Gara ma da ta yi magana. Duk mai zuwa nan bayan ruwa, ya bi hanyar tsakuwa.

Shiga gidan ko sisi ba a biya. Lord Mansfield ne ya saye shi a 1754, kafin ya zama alƙalin alƙalan Ingila, ya sa mai tsara gine-gine Robert Adam ya sake masa fasali. A 1925 Lord Iveagh, na dangin masu Guinness, ya saya, da ya rasu a 1927 ya bar wa jama'a gidan da zane-zanensa. Wato kuɗin giya ne ya sama wa talaka wurin shan iska. Na jima gaban zanen da shahararren mai zane Rembrandt ya yi wa kansa yana tsoho, da farar hula, idanu a gajiye.

Amma abin da ya zauna min a rai labarin Dido Belle ne. Mahaifiyarta baiwa ce baƙar fata, mahaifinta Sir John Lindsay, hafsan sojan ruwa, ɗan 'yar'uwar Mansfield. A nan ta tashi, ta yi karatu, tana kula da kaji da ɗakin madara. A 1772 mai gidan da ya riƙe ta ya yanke hukunci a shari'ar wani bawa mai suna Somerset cewa ba za a fitar da bawa daga Ingila da ƙarfi ba. Ban karanta wannan ba kafin in zo, shi ya sa na ratsa rabin ɗakunan ina kallon labule da kujeru kawai. Sai na koma na sake zagayawa daga farko, a hankali, safata jiƙe, ina ƙoƙarin gane ta wace taga take leƙen tafkin nan.