Lemon kwali ba ƙarin jini ba ne

Ƙannena masu goyo, mu da muka riga ku raino mun tafka wani kuskure da muka ɗauka gata ne. Da yaro ya fara tafiya sai mu cika masa fida da lemon kwali ko zoɓo mai sukari, ya yi ta tsotsa har barci ya kwashe shi. A zatonmu ruwan 'ya'yan itace ne, yana ƙara jini. Abin da ya biyo baya shi ne yaro ya ƙi tuwo, ya yi ta zawo ba zazzaɓi, haƙoran gabansa na sama su yi baƙi tun bai kai shekara uku ba, mu kuma mu ce ciwon haƙori ne ko sammu.

Abin shan yaro daga shekara 1 zuwa 3 biyu ne: ruwa da nono. In uwa tana da hali ta ci gaba da shayarwa har shekara biyu, wanda shi ne abin da addini ya koyar, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsaya a kansa. In an yaye, madara ko nonon shanu kofi biyu a yini ya isa, wato kamar rabin lita, cikin ledar fiya wata guda ke nan. Wanda aka tatso daga ruga a tafasa shi tukuna, domin ɗanye yana iya ɗauko tarin fuka da wani zazzaɓi mai naci daga shanu. Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi ba ta cikin lissafi, kusan rabinta sukari ne.

Kada a wuce kofi biyun nan da yawa. Nonon shanu ba shi da sinadarin ƙarfe na kirki, kuma yaron da ya cika ciki da shi ba zai ci wake, ƙwai, hanta ko zogale ba, sai a wayi gari tafin hannunsa da cikin idonsa sun yi fari. Mu a Zamfara wannan ya fi shafarmu, saboda jikin yaron da ke da ƙarancin ƙarfe ya fi saurin zuƙar dalma. Ba mu manta da 2010 ba, lokacin da gubar dalma daga niƙan dutsen zinari ta kashe yara sama da 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Shayi ma yana cikin masu laifi: ganyensa yana hana hanji karɓar ƙarfen da ke cikin abinci, don haka a daina ɗiba wa yaro daga kofin babansa da safe.

To ina matsayin ruwan 'ya'yan itace? Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta faɗi ƙa'idarta a 2017: ƙasa da shekara ɗaya kada a ba shi ko kaɗan, daga shekara 1 zuwa 3 kuma kada ya wuce mililita 120 a yini, wato rabin kofi. Wannan iyaka ce, ba wajibi ba. Yaron da bai taɓa sha ba bai yi asarar komai ba.

Dalili kuwa, idan aka matse lemo aka zubar da tuƙar, abin da ya rage ruwa ne da sukari. Rabin kofin nan kaɗai yana ɗauke da sukari fiye da cokalin shayi biyu, kwalbar lemo ta santilita 35 kuma kusan cokali tara. Hanjin ƙaramin yaro ba ya iya shanye wannan zaƙin gaba ɗaya. Wanda ya rage sai ya janyo ruwa zuwa cikin hanji, yaro ya yi ta kashi ruwa-ruwa sau uku ko huɗu a yini alhali yana wasansa lafiya. Ruwan tuffa yana cikin waɗanda suka fi jawo wannan. Mun sha kai irin yaran nan kemis ana ba su maganin ƙwayoyin cuta, bayan maganin kawai shi ne a ɗauke kwalin.

Haƙora kuma da dare suke cutuwa. In yaro ya yi barci miyau yana raguwa, zaƙin ya kwana a jikin haƙori, ƙwayoyin cutar baki su mayar da shi tsami mai cin haƙori. Alamar farko farin zane ne kamar alli a gindin haƙori kusa da dasashi, kafin ya koma ruwan ƙasa. Kada a ce ai na fari ne, za su fita. Na can ciki suna zama har yaro ya kai shekara goma ko fiye, kuma su ke tsare wa na dindindin gurbi.

In za a ba shi, a duba kwalin: yawancin na shago ruwa ne da sukari da kala da ɗan ƙamshi, sai wanda aka rubuta 100% ne ainihin matsattsen ɗan itace. A zuba a buɗaɗɗen kofi, ba fida ba, ya sha tare da abinci a zama ɗaya, a bi da kurɓin ruwa. Amma abin da ya fi shi ne ya ci da bakinsa: gwanda, ayaba, kankana da aka cire wa ƙwallo, mangwaro a lokacinsa, ɓarin lemon zaƙi ba ƙwaya. Na kasuwar Gusau ko Talata Mafara ya fi kwali arha ma.

Kunun gyaɗa, koko da fura abinci ne, ba maganin ƙishi ba. A dama su da kauri yadda za su tsaya a cokali, a rage sukari. Tsinkakken koko cika ciki kawai yake yi. Zuma kuwa sai bayan shekara ɗaya.

Ruwa a riƙa miƙa masa ba sai ya nema ba, musamman a zafin Maris da Afirilu. Na rijiya ko rafi a tafasa, a ajiye a rufe, a ware masa moɗarsa. Fitsari fari-fari alamar ya ƙoshi ne, in ya yi ja ya ragu, a ƙara.

Ranar da zawo na gaske ya zo, lemon kwalba ƙara shi yake yi. ORS, wato garin gishiri da sukari na leda da ake ba mai zawo, ake haɗawa da adadin ruwan da aka rubuta a jikin ledar, a zubar da ragowar bayan awa 24. Ɗan ƙasa da shekara biyu a ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowane kashi, da cokali, kaɗan-kaɗan, tare da ƙwayar zink kullum har kwana 10 zuwa 14, nono kuma ba a tsayarwa. In ido ya faɗa, ko ya kasa sha, ko an ga jini a kashin, sai asibiti a take.

Wanda ya riga ya saba da zaƙi, a riƙa sirka masa da ruwa, rabi da rabi, ana ƙara ruwan duk bayan kwana biyu ko uku har ya koma zalla. Zai yi rigima, a daure. Kafin a fara a shawo kan kaka da maigida, don sau da yawa daga ledar tsarabarsu kwalin yake shigowa gida.