Abin da Ƙaurar Sojojin Amurka Zuwa Tsibirin Guam Ta Koya Mini

A lokacin da nake karatun digiri na biyu a fannin tsara manyan ayyukan gine-gine, an buƙaci kowane ɗalibi ya zaɓi wani babban aiki na gwamnati, ya bi diddiginsa tun daga takarda har zuwa filin gini, sannan ya bayyana abin da ya sa aka kammala shi a kan kari ko kuma ya ja lokaci. Na zaɓi shirin kwashe wani ɓangare na sojojin kundumbala na Amurka daga Okinawa da ke Japan zuwa tsibirin Guam, wani yankin Amurka a tekun Pasifik, saboda dokar muhalli ta Amurka ta tilasta wa rundunar sojan ruwa ta wallafa nazarin da ta yi, kuma da wuya ɗalibi ya sami aikin soja da takardunsa suke a buɗe haka. Babban abin da na fito da shi daga wannan nazari shi ne cewa shugabanni ne ke yanka ranar kammala aiki a teburin yarjejeniya, amma ruwan sha da tashar jiragen ruwa da yawan magina da ke wurin su ne ke yanke hukuncin ranar da za a tare.

Asalin maganar siyasa ce. Okinawa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na faɗin ƙasar Japan ba, amma ita ke ɗauke da kusan kashi 70 na filayen da aka keɓe wa sojojin Amurka a ƙasar, kuma fushin mutanenta ya kai intaha a 1995 bayan da wasu sojojin Amurka uku suka yi wa wata yarinya 'yar makaranta fyaɗe. A 2006 gwamnatocin biyu suka amince a mayar da sojoji kusan 8,000 da iyalansu kusan 9,000 zuwa Guam kafin ƙarshen 2014, a kan kuɗi dala biliyan 10.27, inda Japan za ta ɗauki nauyin biliyan 6.09. Abin da ya ja hankalina shi ne jerin yadda abubuwan suka zo: an tsayar da adadin mutane da na kuɗi da shekarar kammalawa a 2006, sai a ƙarshen 2009 daftarin nazarin muhalli, mai shafi wajen 11,000, ya fito yana bayyana abin da tsibirin zai iya ɗauka.

Guam ƙaramin wuri ne, faɗinsa murabba'in kilomita 540 da 'yan kai, mutanensa kuma a lokacin ba su wuce 160,000 ba, ga shi sojoji sun riga sun riƙe fiye da rubu'in ƙasarsa. Daftarin ya yi hasashen cewa a 2014, lokacin da gini zai kai ƙololuwa, mutum kusan 79,000 za su ƙaru a tsibirin, idan aka haɗa sojoji da iyalansu da ma'aikatan gini da waɗanda neman abinci zai kawo. Wato kusan rabin al'ummar da ke wurin za su ƙaru cikin 'yan shekaru. A watan Fabrairun 2010 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta ba daftarin mafi ƙasƙancin matsayin da take bayarwa, kuma babbar hujjarta ita ce ruwan sha da ruwan ƙazanta, sai kuma duwatsun murjani da za a yashe a mashigar Apra domin gina wurin tsayuwar jirgin ruwa mai dakon jiragen yaƙi.

Maganar ruwan ce ta fi tsaya mini a rai, domin a nan na fahimci cewa shingen bariki ba ya raba abin da ke ƙarƙashin ƙasa. Arewacin Guam dutsen farar ƙasa ne mai ramuka, ruwan sama yana tsiyaya cikinsa ya taru yana yawo a kan ruwan gishirin teku da ke ƙasa da shi, kuma daga nan ne ake samun kusan kashi 80 na ruwan shan tsibirin. Idan aka zuƙa fiye da kima a wuri ɗaya, ruwan gishiri kan taso ya lalata rijiyar, kuma gyaranta ba abu ne na kwana kusa ba. Rundunar ta tsara haƙa sababbin rijiyoyin burtsatse har 22 a cikin filinta, lissafin da ya isa wa sojojin da za su zauna a bariki. Amma dubban ma'aikatan da za su gina barikin a waje za su kwana, daga famfon gari za su sha, ƙazantarsu kuma matatar gari za ta nufa, alhali hukumar ruwan Guam tana ƙarƙashin umarnin kotu tun 2003 saboda gazawarta wajen cika ƙa'idojin tsabtar ruwa. Randa ɗaya ce kowa zai ɗiba, sai dai an ƙirga bakunan da ke cikin gida an manta da na ƙofar gida. Abin da ya ƙara dagula lamarin shi ne kuɗin ginin soja an ware su ne domin abin da ke cikin shinge, duk abin da ke waje kuwa sai an nemo masa wata hanya daban daga Majalisar Dokokin Amurka, shi ya sa aka ɗauki shekaru kafin a sami kuɗin inganta matatar ruwan ƙazanta ta arewacin tsibirin. Tun daga nan, duk tsarin aikin da aka miƙo mini, nakan fara duba abin da ya ce game da hidimomin da ba mai aikin ne ke da su ba, domin a nan ne aka fi samun giɓin da babu wanda ya ɗauki alhakinsa.

Tashar jiragen ruwa irin wannan matsala ce. Kusan kashi 90 na kayan da ake amfani da su a Guam ta tashar kasuwanci guda ɗaya suke shigowa, saboda haka siminti da rodin bariki layi ɗaya za su bi da shinkafar 'yan gari, kuma sai da Ma'aikatar Tsaro ta ba da dala miliyan 50 domin faɗaɗa ta. Kayan da ke fita ma sai an bincika su, saboda wani macijin bishiya da ya shigo tsibirin bayan Yaƙin Duniya na Biyu ya kusan ƙarar da tsuntsayen dajinsa, ana kuma tsoron ya laɓe a kwantena ya isa Hawaii.

Sai maganar ma'aikata, wadda a ganina ita ce ta fi nuna yadda hukumomin gwamnati ɗaya kan yi wa juna cikas ba tare da niyya ba. Guam ba ta da isassun birkiloli da kafintoci da masu walda da masu ɗaurin rodi, kuma ɗauko su daga cikin Amurka yana da tsada saboda nisa, shi ya sa 'yan kwangila suka daɗe suna dogaro da ma'aikatan wucin gadi daga Filifins. Daga wajen 2016 hukumar shige da fice ta Amurka ta koma ƙin amincewa da kusan duk buƙatun irin wannan biza daga Guam, bisa hujjar cewa buƙatar da ake maimaitawa kowace shekara ba ta wucin gadi ba ce. Hujjar tana da ƙarfi a wajen mai karanta doka, amma sakamakonta shi ne ma'aikatan da suka haura dubu suka ragu zuwa ƙasa da ɗari a daidai lokacin da ake shirin fara manyan kwangiloli. Sai da Majalisa ta saka wani sassauci a dokar kasafin tsaro ta 2018, wanda ya ba da damar kawo har mutum 4,000 a shekara domin ayyukan da suka shafi ƙaurar. Wannan ma ya bar baya da ƙura, domin ɗan gari mai son gina gida ya tarar magina sun tafi inda kuɗin soja yake, farashin gini da na haya kuma suka tashi.

Game da fili, an fara zaɓar yankin Pågat domin atisayen harbi, inda akwai kufan wani tsohon ƙauyen mutanen Chamorro, 'yan asalin tsibirin. Ƙungiyoyin kare kayan tarihi da wata ƙungiyar 'yan gari suka kai ƙara a 2010, rundunar ta koma ta sake nazari, a 2015 aka mayar da filin harbin zuwa arewacin sansanin jiragen sama na Andersen, inda yankin haɗarin harsasai ya ratsa gandun namun daji na Ritidian, wanda wasu iyalai ke cewa ƙasar kakanninsu ce da aka karɓe. Rigimar ta sauya wuri ne kawai. Ba na jin mai tsara aiki zai iya fahimtar zafinta idan bai san cewa mutanen Guam 'yan ƙasar Amurka ne da ba sa zaɓen shugaban ƙasa ba, wakilinsu a Majalisa kuma ba ya jefa ƙuri'a a zauren, ga shi ba a zauna da su ba lokacin da ake ƙulla yarjejeniyar 2006. Taron jin ra'ayin jama'a da aka kira bayan an gama yanke shawara, kotu ce makomarsa.

A 2012 aka rage shirin zuwa sojoji kusan 5,000 da iyalai kusan 1,300, aka raba shi da batun maye gurbin sansanin jiragen sama na Futenma da ke Okinawa, batun da ya maƙale, kuɗin ya koma dala biliyan 8.6, aka kuma shimfiɗa ginin a kan shekaru goma sha uku, abin da ya sauko da ƙarin mutanen da ake hasashe zuwa ƙasa da 10,000. Majalisa ta riƙe mafi yawan kuɗin har ƙarshen 2014, tana neman a kawo mata cikakken tsari tukuna. An buɗe sansanin Blaz, sabon barikin da aka gina musu a Guam, a watan Oktoban 2020, mai ɗauke da sunan Birgediya Janar Vicente Blaz, ɗan Chamorro na farko da ya kai wannan muƙami a rundunar. Mahaukaciyar guguwar Mawar ta afka wa tsibirin a watan Mayun 2023 ta ƙara wa 'yan kwangila aikin gyara, kuma sai a watan Disamban 2024 aka sanar da fara ƙaurar rukunin farko, mutum kusan 100 masu kula da kayan aiki, shekara goma bayan wa'adin da aka ce za a gama komai.

A cikin waɗannan shekaru lissafin tsaron yankin ya sauya, hankalin Amurka ya koma kan China da mashigar Taiwan, alhali Guam tana da nisan fiye da kilomita 2,000 daga Okinawa ta wajen kudu maso gabas. A farkon 2025 kwamandan rundunar kundumbalar, Janar Eric Smith, ya faɗa a fili cewa ƙaurar tana nisanta sojojinsa daga inda za a fi buƙatarsu, ko da yake ya ce za su mutunta yarjejeniyar. Japan kuwa ta riga ta zuba kuɗinta a ginin, mutanen Okinawa kuma suna jiran a cika musu alkawarin da aka ɗauka tun 2006.