Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Komawa kan Mario na Game Boy

Assalamu alaikum. A makon jiya mun tsaya a kan kayan wasan zamanin yarintarmu. Yau zan zauna a kan guda ɗaya, Super Mario Land na Game Boy, ƙaramar na'urar gem ta riƙewa a hannu, domin da yawa daga cikin sa'o'ina da suka sake ɗaukarsa bayan shekara talatin suna kukan wai hannunsu ya mutu, gem ɗin da suke cinyewa suna yara yanzu ya gagare su. Ni ban yarda tsufa ne ba. Galibi laifin na'urar ne da ta daɗe a ajiye, sauran kuma mantuwa ce da dokokin wannan gem ɗin, waɗanda suka sha bamban da na Mario na talabijin.

Kamfanin Nintendo ya fitar da Game Boy a Japan ranar 21 ga Afrilu, 1989, kuma wannan gem ɗin yana cikin waɗanda suka fito tare da ita. Sashen Gunpei Yokoi ne ya yi shi, ba Shigeru Miyamoto da ya ƙirƙiri Mario ba, shi ya sa kusan komai nasa daban yake. A nan arewa, Brick Game mai jera bulo ita ce ta cika hannun yara. Game Boy sai ɗai-ɗai, ko tsaraba ko ta gwanjo, kuma irin waɗannan ne yau ake tonowa daga ƙasan akwati.

Kafin a kunna, a buɗe gidan batir. Tana cin batir huɗu masu girman AA. Idan an ga farin gari ko tsanwa-tsanwa a kan ƙarafan, tsohon batir ne ya zubar da ruwa. A ɗiga ruwan khal a audugar goge kunne a shafa, za a ga yana kumfa, a bi da tsohon burushin haƙori, sannan a wanke da sifirit a bari ya bushe sarai. Kada a kankare da wuƙa, domin rufin ƙarfen zai tafi, tsatsa ta samu wurin zama. A sa batir mai kyau. Masu arhar nan na rediyo suna saurin yin sanyi, kuma da ƙarfinsu ya ragu sai hoton ya dushe tun jar fitilar ba ta mutu ba. Da yawa sukan ce allon ne ya lalace alhali batir ne, ko kuma ɗan kewayen daidaita hoto da ke gefen hagu ne aka murɗa. Na gefen dama na sauti ne.

Sai kaset. Idan aka kunna, sunan Nintendo zai sauko daga sama ya yi ƙara. Wannan sunan daga cikin kaset ɗin na'urar take karanto shi, don haka shi ne gwajin farko. Baƙin layi mai kauri a maimakon rubutu yana nufin ba ta ga kaset ba sam. Rubutu a dagule kuwa yana nufin wasu haƙoran ba sa haɗuwa, kuma nan za ta tsaya cak. Haƙoran 32 ne. Hura su da baki da muka saba yi ba gyara ba ne, danshi yake bari, danshi kuma ya haɗu da ƙurar hunturu ya zama dauɗa. A goge da sifirit da auduga har sai audugar ta daina fitowa da baƙi. A lura kuma, makunnin da ke sama yana da ɗan harshe da ke kulle kaset idan na'urar tana kunne, kada a fizga.

Inda aka fi shan wuya shi ne madannai. A ƙarƙashin kowanne akwai roba mai baƙin ɗigo, shi yake taɓa allon lantarki. Maiƙon hannu da ƙura suna taruwa a wurin, sai ka danna A Mario ya yi jinkirin tsalle, ko ka riƙe B ya yanke gudu ana tsakiyar tsallake rami. Wannan ne ainihin “mutuwar hannu” da ake kuka da ita. Noti shida ne a baya, biyu daga ciki a gidan batir, kuma a yawancin na'urorin kansu mai baki uku ne, sai an nemi sukundireba irin tasa wajen masu gyara. In aka tilasta da wata, kan notin zai cinye. A raba murfin biyu a hankali, akwai faffaɗar wayar da ta haɗa gaba da baya. A goge ɗigon robar da wurin da yake taɓawa da sifirit kaɗan. In robar ta tsage, canji kawai.

Layukan hoton allo da ke ɓacewa daga sama zuwa ƙasa suna gyaruwa. A cire siririyar robar da ke ƙasan allon, a kunna na'urar, a murɗa hoton ya yi baƙi ƙirin, sannan a riƙa bin wayar da ayan ɗin masu gyaran rediyo a hankali, ba tare da an tsaya wuri ɗaya ba. Layukan za su riƙa ɓacewa suna dawowa har su zauna bayan wurin ya huce. Na kwance kuwa, shawarata a haƙura da su, wayarsu ba ta jure zafi. Tabon baƙi a tsakiyar allo, wanda ajiya a wuri mai zafi ke jawowa, ba ya goguwa.

To, an gyara na'ura. Gem ɗin zango 12 ne kacal, masarautu huɗu, kowace da uku: Birabuto mai kamar Masar da dalarta, Muda ta ruwa, Easton mai manyan kawunan dutse, sai Chai mai kama da tsohuwar Sin. Gimbiyar da ake nema Daisy ce, maƙiyin kuma Tatanga. Ba ya ajiye inda aka tsaya, in ka kashe ka koma farko, amma wanda ya san hanya yana gamawa cikin kusan minti 40.

Abu na farko da ke kashe wanda ya dawo shi ne faɗuwa. Mario na talabijin yana da nauyi, yana ɗan zamewa kafin ya tsaya, kuma in ya zarce bakin dandamali yana sauka a karkace. Wannan kuwa in ya taka iska sai ya faɗo kamar an saki dutse. Saboda haka kada ka sauka daga dandamali da tafiya, ka yi tsalle ko da ƙasa za ka. Kuma allon yana barin inuwa a bayan duk abin da ke motsi, ga Mario ɗan mitsitsi, don haka gudu da B ba ko'ina ba.

Na biyu kunkuru. Hannu ya saba a taka shi a shure ƙoƙon. A nan bam ne a bayansa, ka taka, ka matsa, zai fashe. Na uku fure. Ba wuta yake bayarwa ba, ƙwallo ce da ke dukan ƙasa ta tashi a karkace tana bugun bango. Guda ɗaya ake iya jefawa a lokaci guda, in ta kuskure sai ka jira ta ɓace, kana tsaye hannu wofi. A jefa ta daga kusa. Amfaninta mafi daɗi a ɗakunan ƙarƙashin bututu ne, inda take kwashe sulallan da hannu ba ya kaiwa. Sulalla 100 rai ɗaya ne. Ƙarin rai kuma siffar zuciya gare shi, tunda allo mai launi huɗu ba zai bambanta laimar kwaɗi kore ta ƙarin rai da ja ta ƙara girma ba.

A ƙarshen zango na ɗaya da na biyu na kowace masarauta ƙofa biyu ce. Ta sama tana kai ka wasan tsani, inda za ka samu rai ɗaya, biyu, uku, ko fure. Duk wanda ke son ganin Tatanga ya dage da wannan ƙofar tun a Birabuto inda hawanta ke da sauƙi, domin Easton tana cin rayuka. A can ne za ka hau kan dutse mai birgima ya tsallakar da kai ƙayoyi, kuma dole ka riƙa tafiya tare da shi. A Chai akwai masu tsalle-tsalle da ke tashi bayan an taka su, ƙwallo ce kawai ke gamawa da su.

Zango na 2-3, wato na uku a masarauta ta biyu, a jirgin ƙarƙashin ruwa ake yin sa, na 4-3 a jirgin sama. Allon da kansa yake tafiya, kuma bulo ya fi maƙiya haɗari: in ba ka fasa hanya da wuri ba, zai matse ka da gefen hagu. Zakin 1-3 ƙwallo biyar ke kashe shi, amma ana iya wuce shi a taɓa makunnin da ke bayansa. In aka gama gem ɗin, ba tare da an kashe na'ura ba, zagaye na biyu yana zuwa da ƙarin maƙiya, in an gama shi kuma sai a samu zaɓen zango.

Wanda na'urarsa ta ƙi tashi, kaset ɗin yana aiki a Game Boy Pocket, Color da Advance, amma ban da DS. Mako mai zuwa in Allah ya kai mu, za mu buɗe kaset ɗin Super Mario Land 2 na 1992, wanda ke da ɗan batir irin na agogo a cikinsa, mu ga yadda ake canza shi.