Talata da dare, Tampa

Tuwon yau ya yi kyau, har Auta ta nemi ƙari. Da fara'ata na wuni, sai da Yaya ta shigo kicin.

Ta gama darasin nan da kotu ta wajabta mata. A nan Florida doka ce, ma'aurata masu yara ƙanana idan za su rabu, sai kowannensu ya yi kwas na aƙalla awa 4 kan riƙon yara bayan saki, kuma wanda ya shigar da ƙara kwana 45 aka ba shi ya kammala. Ita ta intanet ta yi, baban su Auta nasa daban. Tun makon jiya take mita, Hajiya ma a waya cewa ta yi, "Yanzu Bature ne zai koya miki tarbiyya?"

Amma yau jikinta a sanyaye. Ta jingina da firji ta ce, "Kin san abin da suka fi nanatawa? Kada a mai da yaro ɗan aike. Ba a ba shi saƙon kuɗin ciyarwa, ba a bugun cikinsa a ji wa ke zuwa gidan ubansa."

Na ce, "Ai gaskiya ne, Yaya."

"Ni ko shekaranjiya na ce wa Auta ta tambayi babanta kuɗin takalmi. Yarinyar nan ta dawo ta ce ta manta. Wallahi ba mantuwa ta yi ba."

Muciya na hannuna, na kasa cewa komai. Ni na san ba mantuwa ba ce. Da Baba da Hajiya suka rabu muna yara, ni ce ake aikawa daga gidan Baba zuwa gidan kakanninmu da "ki gaya wa uwarki". A hanya nake sassauta maganar, in cire mai zafin, in isar da sauran, kullum gabana na faɗuwa kar a gane. Manya sun zauna a kan idda, kayan ɗaki, da wa zai riƙe wa. Ba wanda ya ce su daina aiko mu.

Awa 4 ba za ta gyara kowa ba, wasu ma takardar kawai suke so. Duk da haka na so a ce an zaunar da Baba da Hajiya ko na awa ɗaya.

Gobe aikin safe gare ni. In na taso zan raka ta kotu ta miƙa takardar shaidar.