Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Gwanjon Turawa

Assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya na tsaya a inda na fara shiga Dubai saro kayan waya, to yau maganar agogo zan yi, don ita ce ta tsaya min a rai tun ranar Juma'a da Yaya ya sake maimaita kalmar nan tasa a gidan suna a Unguwar Rimi, gaban surukaina, wai "Ƙanina har yanzu kana nan kana tara gwanjon Turawa?" Na ce masa "Ina nan Yaya, Allah ya ƙara girma." Iya abin da na faɗa kenan, amma wallahi zuciyata tafasa take.

Baba, Allah ya jiƙansa, yana da wata magana da duk ɗan gidanmu ya haddace: kaya mai kyau ba ya tsufa, sai dai ya canza hannu. Shekarunsa na aiki duk a masaƙa ya yi su a Kakuri, lokacin da Kaduna take Kaduna, kuma da guminsa ya je Hajji ya sayo agogon Rado DiaStar a Jidda. Wanda ya tashi a Tudun Wada zamaninmu ya san Rado a hannun alhazai. Tun 1962 kamfanin ya fito da samfurin, jikinsa wani ƙarfe ne mai taurin tsiya wanda ba ya karcewa, shi ya sa na Baba har ya bar duniya yana ƙyalli. Ba batir a ciki, motsin hannu ne ke ba shi waini. Ina yaro idan zai yi alwala ni yake miƙa wa in riƙe, in kara a kunne in ji yana aiki.

Ko arba'in ba a yi ba agogon nan ya bar gidan. Ba a yi rabon gado ba, ba a tambayi Hajiya ba, Yaya ya kai shi Kasuwar Barci ya sallama a kuɗin da ko buhun shinkafa biyu ba za su saya ba. Shi ne fa yau yake kira na mai tara gwanjo. Na yafe kuɗin tuntuni, Allah shaida ne, rainin ne na kasa haɗiyewa.

A unguwar Deira ta Dubai na sayi agogona na farko, bayan kasuwar zinare, a irin ƙananan shagunan nan da za ka wuce ba ka lura ba. Omega Seamaster ne tsoho, fuskar ta ɗan yi ruwan ƙasa saboda shekaru. Wani dattijo ɗan Indiya mai shagon shi ya koya min yawancin abin da na sani, don ya ga kullum sai na tsaya ina kallo ba na saye. Shi ya nuna min cewa a tsofaffin Rolex sai ka cire sarƙar kafin ka ga lamba, lambar samfuri tana gefen ƙarfe 12, lambar agogon kansa tana gefen ƙarfe 6. Ɗan ƙullutun gilashin da ke kan kwanan wata ninki biyu da rabi yake girmama lamba, na jabu da yawa ba sa kaiwa haka. Hannun daƙiƙa kuma sulalewa yake, don injin yana bugawa sau 8 a daƙiƙa ɗaya, ba tsalle ɗaya ɗaya irin na mai batir ba. Amma ya ce duk wannan wasan yara ne, masu jabun yanzu sun ƙware, in ba a buɗe baya ka ga inji da idonka ba kada ka zaro ko dirhami ɗaya. Akwai ma wanda ya fi jabu haɗari, wato agogon haɗe-haɗe, jiki na ainihi, fuska ta wani, inji na wani daban. Har yau ko ɗan'uwana ne zai sayar min sai an buɗe.

Abu ɗaya da ban taɓa yi ba shi ne sayen mai zinare. Sau nawa ana tura min Rolex Datejust mai sarƙar ƙarfe da zinare a farashi mai daɗi, in ce albarka, mu maza addini ya hana mu. Nawa duk na farin ƙarfe ne. Wannan ma Yaya bai sani ba, yana yawo yana cewa ina almubazzaranci, bai taɓa zama ya tambaye ni ba.

Shekarun da na yi ina jinya da hidimar gini ba na son tuna su, mu wuce.

Japan ce ta ba ni mamaki. Harkar kayan waya ce ta kai ni Tokiyo, wani abokin kasuwanci ya ce in shiga Nakano, wani dogon gini ne cike da shagunan agogo na hannu. Mutanen can suna riƙe kaya da amana, za ka ga agogon da ya shekara 20 da kwalinsa da takardunsa har da ragowar ƙwayoyin sarƙa da aka rage, kuma idan akwai karce ko an taɓa canza wani abu su da kansu za su rubuta a jikin takardar farashi. Babu tayi sosai irin na Deira, amma da na nuna fasfo sai suka cire min harajin kashi 10. A can na sayi Speedmaster, irin wanda aka je duniyar wata da shi a 1969, kuma a can na fara girmama Seiko da gaske. Mu nan mun ɗauke shi agogon talaka saboda Seiko 5 da ya cika kasuwa, alhali su ne a 1969 ɗin suka fito da agogon hannu mai batir da ya kusa durƙusar da masu agogon Siwizalan gaba ɗaya. Grand Seiko kuwa, wato manyan agogonsu masu tsada, sai wanda ya riƙe ya gani.

Na nemi irin Radon Baba a can ma na samu, na saya. Da na kawo wa Hajiya ta juya shi ta juya, ta ce "Allah ya yi maka albarka, amma na Malam sarƙarsa ta fi wannan faɗi." Gaskiyarta.

Daga 2021 zuwa farkon 2022 farashin na hannu ya haukace, Rolex Submariner da aka ɗaura ya fi sabo tsada saboda sabon sai ka yi layi a wajen dila, daga baya ya sauko. Amma mu nan ba mu ga saukin ba, don a watan Yunin 2023 aka saki naira, dala ta tashi daga ɗari huɗu da wani abu ta wuce 1,500 a farkon 2024. Agogon da Yaya ke kira gwanjo sun riƙe min dukiyata fiye da kuɗin da na bari a banki. Kaya mai kyau sai dai ya canza hannu, Baba ya faɗa tun ba mu san dala ba. Shi ya sa na zauna na rubuta kowanne da lambarsa da kimarsa na ba uwargida ta adana, kada wani ya kwashi nawa zuwa Kasuwar Barci in na kwanta dama.

Damuwata yanzu masu gyara ne. Dattawan da suka iya kwance inji su wanke su sa mai a Kasuwar Gumi sun ƙare ko ido ya gaza, yaran yanzu canza batir kawai suka sani, Omegan nan nawa yana ajiye yana jiran in samu mai tafiya Dubai. Mako mai zuwa in sha Allahu zan ba ku labarin yadda muka kwashe da wani jami'i a filin jirgi a kan kwalin agogo.